Bashin da Idirisu Ya Biya

Sau uku Altine ta je ofishin fasfo kafin a gaya mata abin da ya tsare takardarta. Zuwan farko aka ce mai sa hannu bai zo ba. Na biyu aka ce ta koma ta kawo takardar 'yancinta, alhali tana hannunta. Sai a na uku ne wani ma'aikaci mai tari ya jawo wata 'yar takarda daga ƙarƙashin tulin da ke gabansa, ya karanta mata da Fotugis, a hankali, kamar mai magana da kurma.

"Mariya, 'yar Afirka, 'yantacciya, mai tuyar ƙosai a Barroquinha. Ke ce?"

"Ni ce, Sinyo."

Mariya shi ne sunan da aka raɗa mata a coci shekarar da aka sauke ta daga jirgi. Ba mai kiranta da shi sai takarda.

"Gidan cinikin Tibursiyo na unguwar Comércio sun shigar da sunanki. Gangar manja biyu, milreis talatin da takwas, yau shekara uku. Wanda ake bi bashi ba ya barin ƙasar nan. Ki kawo takarda daga wurinsu cewa an biya."

"Ai an biya."

"Ba ni za ki gaya wa ba, tiya." Tiya, wato goggo, haka suke kiran duk wata tsohuwa. Ya yi tari a hannun rigarsa, ya kira na bayanta.

Ranar Litinin ce. Jirgin da zai tafi Ikko zai tashi ranar Asabar. Altine ta riga ta ba da rabin kuɗin jirgi, kuma wanda aka bayar ba ya dawowa. Ta sayar da kaskonta da turminta da tirenta, ta gaya wa mai gida za ta bar masa ɗakinsa. Abin da ya rage a ƙulle a haɓar zanenta milreis arba'in ne, wato ɗaya rabin kuɗin jirgin cif. In ta biya manjan karo na biyu, ba tafiya. Za ta zauna a Bahiya ba kasko, ba ɗaki, ga gwiwoyi biyu da suka fara ƙi mata hawa.

Garin nan kuwa hawa ne da gangara. Masu sa hannu suna bisa tudu, masu kaya suna ƙasa a bakin ruwa, talaka shi ne a tsakani. Ta bi ta titin Ladeira da Praça, inda tun tashin hankalin shekarun baya, da Musulmin Afirka suka yi tawaye, mutanenmu ba sa son tsayawa, ta kama gangaren tana dafa bango.

Siton Tibursiyo yana warin busasshen nama da taba. Akawun da ta samu saurayi ne mai tawada a bakin hannun riga, sunansa Firmino. Bai musa mata ba, bai kuma ce ta zauna ba. Ya ɗauko babban littafi, ya yi ta juya shafi yana lasar yatsa, har ya tsaya a wani layi mai alamar ja a gefe.

"Ga shi. Juze, mijinki, da ke. Ganga biyu. Ba a biya ba."

Juze shi ne Idirisu a takarda.

"Mijina ya sauko da kuɗin da ƙafarsa. Ni na ƙulla masa su. Tsohon akawun nan ya ba wa, mai farin ido ɗaya."

"Sinyo Bentu."

"Shi."

"Bentu ya mutu a annoba, tiya."

"Mijina ma."

Firmino ya ajiye alƙalami. "Kin san mutum nawa suka tsaya inda kike tsaye suka ce Bentu suka ba? Da ya karɓi duk kuɗin da ake cewa ya karɓa, da a akwatin zinariya aka binne shi. Ina takardar shaidar da ya ba mijinki?"

"In ana bin mu, me ya sa shekara uku ba wanda ya zo?"

"Ba a san inda kike ba, kin daina saye a nan. Sai da aka buga sunayen matafiya a jarida muka duba littafi. Ina takardar?"

Gaskiya ne ta daina saye a wurinsu. Bayan rasuwar Idirisu ba ta ƙara iya ɗaukar ganga ba, kwalba kwalba take saye wurin wata Bayarabiya.

A kusurwar titi, inda 'yan dako suke zama jiran kaya, ta sami Audu yana saƙa malafa. Shi ne shugabansu a wannan kusurwar, kuma aminin Idirisu ne tun suna ɗaukar buhun sukari tare. Da shi kaɗai take Hausa yanzu har ta gaji, sauran duk sun koma Yarbanci ko sun koma ga Allah.

"Amarya," in ji shi, bai ɗaga kai ba, "na ji an ce kin sayar da kasko. Wa zai riƙa ba ni ƙonannen ƙosai?"

"Ka yi aure, Sarkin Dako, a riƙa ƙona maka a gida."

Ta zauna a kan dakali kusa da shi, ta miƙe ƙafa, ta faɗa masa komai. Da ta zo kan ganga biyu sai ya ajiye malafar.

"Ƙarya ne. Tare muka shiga. Ni na riƙe masa sanda yana kwance ƙullin. Ranar Talata, ya kwanta ran Alhamis."

"To tashi ka faɗa musu."

Ya tashi, suka koma. Audu ya cire hularsa a bakin ƙofa, ya ba da labarin tiryan-tiryan da Fotugis ɗinsa na bakin ruwa, har da inda Bentu ya zauna da aljihun da ya sa kuɗin. Firmino ya saurare shi har ƙarshe.

"Kai ɗan uwanta ne?"

"Ƙasarmu ɗaya."

"To ka gani. Bakinka ba takarda ba ne, kaftin. Ko na yarda, littafi bai ji ka ba."

Suka fito suka zauna a matakalar wani sito da ke rufe. Rana ta take, 'yan dako huɗu suka wuce da ganga a rataye jikin gora, suna waƙa don ƙafa ta zo ɗaya. Altine ta bi su da ido.

"Ba jirgin kaɗai ba," in ji ta. "A amalanke aka ɗauki gawar Idirisu da wasu mutum shida. Ba wanka, ba wanda ya tsaya a kansa ya tambaya ko akwai mai binsa bashi. Yanzu ga shi a littafin wani, da ja."

Audu ya ce, "An ba shi takarda fa. Na gani. Bentu ya yago ta daga wani ƙaramin littafi, ya rubuta, ya barbaɗa mata yashi. Malam Idirisu ya karɓa ya naɗe. Kin san shi da naɗi. Ko takardar ƙunshe taba ya samu sai ya ninke ta huɗu, ya sake huɗu, ya ɗaure da zare, kamar addu'a. Ya jefa a gafaka."

"Gafakar da kuka nutsar."

"Ita."

Ya kamata a bayyana wannan ga wanda bai zauna a Bahiya ba. Tun bayan tashin hankalin nan, in aka sami rubutun Larabci a ɗakin ɗan Afirka, bulala ce ko kurkuku. A lokacin annoba kuma ma'aikata suna shiga ɗakin duk wanda ya mutu su kwashe shimfiɗarsa su ƙone. Idirisu yana da gafaka cike da addu'o'in da ya rubuta da hannunsa. Ba a ƙona takardar da ke da sunan Allah, ba a kuma barinta ga 'yan sanda. Don haka ranar da ya cika, kafin amalanke ta iso, Audu ya sa dutse a gafakar, ya kai ta bakin ruwa a cikin kwandon gawayi, ya ba wani mai kwalekwale ya sake ta a zurfi.

"To shi ke nan," in ji Altine. "Kifi ya karanta."

"Ba duka ba. Kin roƙe ni ɗaya."

Hannunta ya tafi wuyanta da kansa. Ƙarƙashin riga, a jikin igiya, akwai laya ƙarama da fatarta ta yi baƙi da gumi. Ranar ta sa hannu a gafaka ta zaro takarda guda, ba ta warware ba, don ba a warwarewa. Ta kai wa Ɗanladi baduku, shi ma ya ɗinke ta a fata yadda ta zo. Ta rataya ta, annoba ta share rabin layinsu ta bar ta. Tun daga nan ba ta cire ba sai in za ta yi wanka.

"Takarda ta fi ashirin a gafakar nan, Audu."

"Na sani. Me ya sa kika ɗauki wannan?"

"Ita ce a sama. Zarenta sabo ne. Na ce ita ce ta ƙarshe da ya rubuta." Ta tsaya. "Kuma ba ta yi kama da sauran ba. Sauran masu kauri ne, sun yi ja-ja. Ita siririya ce, shuɗi-shuɗi."

Audu ya juya ya dubi ƙofar siton Tibursiyo. Ita ma ta duba. Firmino yana miƙa wa wani mai amalanke 'yar takarda, shuɗiya, siririya.

"A'a," in ji Altine.

"Ban ce komai ba."

"Malam yana sayen takarda ko'ina. Wadda ya samu yake rubutu a kai."

"Haka ne."

"In na farke ta kuma addu'a ce fa? Wa zai mayar mini? Layar da aka buɗe ta tashi aiki, kai ma ka sani. Karon farko da na haye ruwan nan ko zare babu a jikina. Na biyu ma haka zan haye?"

"In ba ki farke ba, ba za ki haye ba sam, amarya."

Ta tashi ba sallama, ta kama hawa.

Talata ta wuce ba ta sauka ba. Ta je wurin mutum biyu neman rance. Ɗaya ya ce wa zai bi ta Ikko ya karɓa, ɗayan ya ba ta goro da haƙuri. Ta je wurin wakilin jirgi ta tambaya ko za a ɗaga mata sauran rabin har su isa, ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce jirgi ba ya tafiya da alkawari. Ta dawo ɗaki ta zauna a kan akwatinta, don ba sauran abin zama.

Laraba da la'asar ta aika aka kira Audu. Ya hawo yana haki, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban ɗakin da ba komai sai akwati da tabarma da buta.

"Ɓarayi sun zo ne?"

"Shigo ka rufe ƙofa. Ka zo da wuƙa?"

Ya miƙa mata 'yar wuƙar da yake tsaga kaba da ita. "Ni ba zan yanka ba. Hannun Malam ne."

"Ban ce ka yanka ba. Ka duba kawai."

Ta cire igiyar ta kanta, ta yi bisimilla, ta sa tsinin wuƙa a ɗinki. Ɗanladi ya iya aiki, sai da ta ɓata lokaci. Fatar ta buɗe kamar kwasfar gyaɗa. Takardar tana ciki, ta ƙanƙance, ta yi launin ƙasa a gefe-gefe, zaren Idirisu na nan da ƙullinsa mai kunne biyu. Ba ta yanka zaren ba. Ta yi ta cizon ƙullin da farce har ya saki, ta ajiye shi a cinyarta, ta miƙa wa Audu takardar tana kallon bango.

Ya warware ninki ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don ta fara tsagewa a kan layi. Ya matsa kusa da hasken taga. Audu bai yi nisa a karatu ba, amma ya san baƙaƙen Alƙur'ani in ya gan su.

"Wannan daga hagu ta taso," in ji shi.

Altine ba ta juyo ba.

"Ga lamba. Uku da takwas. Ga kuma hatimin ganga, irin na jikin ƙofarsu." Ya yi gyaran murya. "Shekara uku, amarya, kina yawo da takardar manja a wuya. Ba mamaki ƙosanki bai taɓa rasa mai ba."

Ta so ta zage shi. Dariya ce ta fito, gajeriya, ba ƙarfi. Ta goge ido da bayan hannu.

"Kowace safiya sai na shafa ta na shafa fuska."

"Allah ya ga niyya."

"Na ɗauka ya bar mini wani abu."

"Ya bari mana. Milreis talatin da takwas."

Alhamis da hantsi suka sauka tare, takardar tana shimfiɗe tsakanin ganyen ayaba biyu don kada ta ƙarasa rabuwa. Firmino ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya yamutsa hanci.

"A ina aka ajiye wannan? A cikin takalmi?"

"A wuri mai kyau," in ji Altine.

Ya shimfiɗa ta a tebur, ya danne kusurwoyin da duwatsun awo. Gumi ya cinye sunan wata, amma ranar tana nan, kuɗin suna nan, sa hannun Bentu yana nan da doguwar jelarsa. Firmino ya buɗe wani tsohon shafi ya kara su gefe da gefe. Ya shiga ɗakin baya ya daɗe, ya fito da ƙaramin littafi da ƙura ta rufe, wanda ake yago irin waɗannan takardu daga ciki. Ya juya zuwa ƙarshen inda aka yi rubutu. Cikin guntayen da suka rage a jikin ɗinki, guda biyar na ƙarshe ba su da alamar an kwafe su zuwa babban littafi. A kan na uku a cikinsu ya ɗauko takardar Altine ya kara, yagar ta haɗu daidai.

"Bai kai ga shigarwa ba," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Makon da ya kwanta ke nan."

"Sauran huɗun fa?" in ji Audu. "Su ma da ja a gefensu?"

Firmino ya rufe ƙaramin littafin. "Wannan ba maganarka ba ce, kaftin."

"To ka ba ta takardarta ta tafi."

"Ni ba na sa hannu. Sinyo Tibursiyo ne, yana gonarsa a tsibiri. Gobe yake zuwa, in iska ta yi kyau."

"Gobe Juma'a. Jibi jirgi."

"Ba ni na sa ranar jirgi ba."

Altine ta ce a soke jan tukuna, a gabanta. Ya dube ta, ya tsoma alƙalami, ya ja layi a kan alamar, ya rubuta kalma ɗaya a gefe. Ta tambaye shi me ya rubuta. Ya ce, an biya. Ta ce ya nuna mata sunan mijinta, ya nuna, ta ce kalmar ta yi nisa da sunan. Ya ja tsaki, amma ya sake rubuta ta a ƙarƙashin Juze. Sannan ya ɗauki shuɗiyar takardar ya soke ta da allura a jikin shafin.

"Tawa ce," in ji ta.

"Ta gida ce yanzu. Da me zan nuna wa maigida in ya tambayi dalilin da na soke?"

"Mijina ne ya naɗe ta."

"Kina son takardar fita ko kina son wannan?"

Ta dubi layukan ninkin, goma sha shida, kamar gonar da aka yi wa kunya. Ba ta da sauran ƙarfin wata rigima. Ta ce takardar fita.

Juma'a tun da safe ta zauna a kan buhun wake a bakin siton. Iska ba ta yi kyau ba sai da rana ta yi tsaka. Sinyo Tibursiyo ya shigo da laka a takalmi, Firmino ya yi masa magana a kunne, ya sa hannu a tsaye yana tambayar farashin taba. Bai dubi inda take ba. Ofishin fasfo yana rufewa da ƙarfe uku, an riga an buga biyu a cocin bakin ruwa. Audu ya ce zai sa yaransa su ɗauke ta a kujera, ta ce ba za ta shiga ofishin hukuma a kafaɗar mutane ba a ce ta yi arziki a ƙago wani bashin. Ta hau da ƙafarta. Sau huɗu ta tsaya, a na huɗun sai da ya tura ta ta baya kamar buhu.

Ma'aikacin mai tari yana haɗa takardunsa suka shiga. Ya karanta, ya dubi agogo, ya dube ta. Ya buga hatimi, ya ce kuɗin hatimi milreis ɗaya da rabi. Audu ne ya biya, daga kuɗin malafa.

"Ka rubuta a littafinka," in ji ta da suka fito.

"Na rubuta. Da ja."

Asabar da sassafe tana zaune a kan akwatinta a bakin ruwa, cikin sauran matafiya, ana jiran kwalekwalen da zai kai su jikin jirgi. Fasfon yana ɗaure a cikinta da ɗamara. Audu ya ce ya kwana yana tunanin ya rubuta mata wani abu a sa a fatar, amma rabin abin da ya sani ya zube. Ya ce ta tara hannu, ya karanta Fatiha a hankali, baki kusan a rufe, don akwai ɗan sanda yana zagaye. Suka shafa.

Ta fito da fatar layar da allura. Ta naɗe zaren Idirisu a yatsa, ta zare shi, ta cusa a ciki, ta fara ɗinkewa. Ɗinkinta bai bi ramukan Ɗanladi ba, ya karkace.

"In kin isa, ki sayi manja da kwalba," in ji Audu.

"Kai kuma ka riƙa tuna wa akawun nan sauran huɗun."

"Zai kore ni."

"Ai a ƙofarsa kake zaune."

Mai kwalekwale ya fara kiran sunaye. Ya kira Mariya sau biyu kafin ta gane da ita yake. Ta ciji zare, ta rataya igiyar a wuya, ta dafa gwiwa ta miƙe. Audu ya ɗora akwatin a ka, ya yi gaba, ta bi shi.